Dutsen Guga Don Ruwan Zartsi

Misbahu yana jera kaya a shagonsa na kayan wuta cikin kasuwar Daura, sai ga Lubna ta yi sallama. Wata uku ke nan yana jiran ta zaɓa tsakaninsa da Kalilu, wani malamin makaranta a Babban Mutum.

"Dutsen guga mai tururi nake so," ta ce, idonta a ƙasa. "Wanda ruwan zartsi ba zai toshe ba."

Hannunsa ya tsaya cak. Ruwan gidansu garai yake, na su Lubna ma haka. Rijiyar gidan su Kalilu ce mai zartsi.

"Can za ki kai shi ke nan?"

Ta gyara hijabinta. "Ka yi haƙuri, Yaya Misbahu. Bakina ne ya kasa faɗa kai tsaye."

Ya sauko da mafi inganci, ya nuna mata inda farin gishirin yake taruwa, da yadda ake wanke shi.

"Ki riƙa zuba masa ruwan sama, zai fi daɗewa," ya ce a hankali. "In ya toshe kuma, don Allah kada ki kawo shi nan."