Takun Malam Ilu

"Ya ƙi buɗewa, Lanti! Wallahi ya ƙi!"

Goggo Tasalla ta sake jijjiga akwatin maganin hawan jininta, kanta na sarawa. Tun da aka kafa dokar motsa jiki, akwatin ba ya buɗewa sai munduwar ƙafar mai shi ta shaida ya yi tattakin ranar. Ita kuwa ba ta taɓa yi ba. Mijinta Malam Ilu ne ke ɗaura tata tare da tasa, ya zaga gari, ya dawo yana tsokanarta da raguwa. Shekaranjiya aka binne shi.

"Kawo in zaga miki," in ji Lanti maƙwabciyarta.

Goggo ta juya munduwar. Har yanzu da zaren da ya ƙara mata don ta zagaye ƙaurinsa.

"Bari. Mai ɗauke min ya tafi. Kama ni."

Goggo ta ɗaura munduwar a ƙafarta. Takaba ta hana ta fita, sai suka dinga zaga tsakar gida, daga rijiya zuwa turken awaki. Tana haki, Lanti na cewa, "Ɗaga ƙafa mana, amarya!" har dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye. Can akwatin ya yi ƙas, ya buɗe.

Ba ta kai ga haɗiye ƙwayar ba wata baƙuwa mai farar riga ta yi sallama, idonta kan ƙafar Goggo.

"Sannu da haƙuri, Goggo. Daga hukumar lafiya nake. Takun da muka ji yau ba shi muka saba ji ba. Wa ke tafiya da sunanki?"