Ranar da Muryarsa Ta Dishe

Da hantsi muryar shugaban gayya ta dishe. Ya buɗe baki zai daka tsawar da ya saba, iska kawai ta fito. Ga doguwar ciyawar fadama, kacala, ta toshe hanyar ruwa, ga shinkafar mutanen Guri tana bushewa, shi kuwa gani yake babu laujen da zai motsa in bai yi magana ba.

"Maigida, ɗan kishingiɗa a kwalekwale," in ji wani dattijo cikin mutanensa. "Rabonka da barcin kirki tun farkon aikin nan."

Ya kwanta ba don ya so ba, yana hararar sama. Can sai ya ga gizagizai sun fara tafiya, kawunan goruba suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a ransa, mafarki ke nan.

Sanyin ruwa ya taɓa yatsunsa, ya ɗaga kai. Ashe kwalekwalen ne ruwa ke ja, bisa hanyar da aka buɗe tas, mutanensa na gaba suna sara cikin ruwa iya ƙirji.

"Ku bi a hankali," dattijon ya raɗa musu. "Kada ya farka, yau ne aiki ke sauri."

Shugaba ya mayar da kansa, ya lumshe ido.