Lotsawar Murfi

Ranar da za mu rufe masana'antar Baba ta ƙera injinan niƙa, na sayo injin niƙa ɗan ƙasar waje, mai arhar da ya kwashe mana kasuwa, na dire a gabansa.

"Baba, ga wanda ya kashe mu."

Ya yi ta shafa injin, har yatsansa ya tsaya kan wata 'yar lotsawa a murfi, irin ta injinanmu sak. Ina ƙarama na yar da abin zubin murfin, ya lotsa, Baba ya ƙi gyarawa, wai sa hannuna ne.

Ya ce, "Baƙin nan da suka zo suna yaba aikinmu, ni na ba su ɗaya kyauta. Uwata, har ɓarnarki suka kwaikwaya."