Dubu Ɗaya a Kan Dubu Tara

Mai rabon karta ya miƙa hannu ya janyo ƙwandalolin Malam Chao na ƙarshe zuwa tsakiyar tebur. Dubu uku cif, zubin dole ne da ya zagayo kansa, kuma daga su babu saura.

Rana ta biyu ke nan ta gasar kartar foka a wani ɗan ƙaramin gidan wasa a Macau, can ƙasar Sin. Mutum goma sha bakwai suka rage, goma sha shida ne za su sami kyauta. Wanda ya fita yanzu zai tafi hannu rabbana, alhali gidan Chao na bukatar kuɗin nan fiye da kowane lokaci.

Kowa ya jefar da katinsa ya janye daga zagayen, ɗaya bayan ɗaya, har da Ƙaton Kei, dillalin kifi da bai taɓa barin hannu ya wuce shi ba. Sai abin ya tsaya a kan Sok Fan, ɗalibar Malam Chao.

Ta ɗaga gefen katinta. Bakwai da biyu, tarkacen da ya fi kowane tarkace. Ta riga ta zuba dubu biyu na dole, da na Chao da ɗan abin da kowa ya zuba tun farko, tarin tsakiya ya kai dubu tara. Dubu ɗaya kawai za ta ƙara ta bi shi.

Kash! Da ma ba ta iya lissafi ba. Amma shekara goma sha ɗaya Malam Chao ya yi yana cusa mata shi a bayan shagon shayinsa, yana buga mata cokali a yatsa. Yanzu ma muryarsa ce ta cika mata kunne: kada ki dubi fuska, yarinya, dubi farashi. In za ki zuba ɗaya ki ɗauki tara, ko sau ɗaya cikin goma kika ci ba ki faɗi ba. Wannan tarkacen kuwa sau ɗaya cikin uku yana ci.

Tun safe ba ta iya duban ɓangarensa ba. Hannu ko ɗaya bai buga ba, tarinsa sai raguwa yake. Shayin madara da aka ajiye masa har ya yi fata. Can bayan igiyar da ta tare masu kallo 'yarsa na tsaye cikin fararen kaya, ta rungume jakarsa.

"Jefar mana, Yaya Fan," in ji Ƙaton Kei, murya ƙasa-ƙasa. "Wa zai ga laifinki? Ni ban ga komai ba, idona ciwo yake."

"A'a fa!" in ji wani siririn saurayi da ya leƙo daga ɗaya teburin, wanda shi ma ƙwandala biyu suka rage masa. "In ta jefar maguɗi ne. Mu a kan bishiya muka tsiro? Mu ma muna da iyali."

"Kai, rufe mana baki, ɗan tsako!" in ji Ƙaton Kei.

Sok Fan ta sake duban katinta. Tana son tsohon nan kamar ubanta, kuma tsoro take ji. In ta jefar, tarin zai zama nasa, ya tsira zagaye guda, wataƙila saurayin ya riga shi fita. Sai dai ta san abin da ya fi tsana a duniya. Sau ɗaya ta taɓa raga masa a tebur don tausayi, ya yi wata biyu bai ce mata ci kanki ba.

Ta ɗauki ƙwandalar dubu ɗaya ta tura tsakiya.

"Na bi, Malam."

Mai rabo ya buɗe nata, sannan ya buɗe na Chao: sarki da goma. Ya jera kati uku a tsakiya, babu wanda ya dace da na kowa. Na huɗu ma haka, sarkin Chao na gaba. 'Yarsa ta toshe baki da hannu.

Na biyar ya faɗo. Bakwai, ya haɗu da bakwai ɗin hannunta, ta ci.

Aka tura wa Sok Fan tarin, ba ta taɓa shi ba. Lissafinta daidai ne, sai hawaye yake zuba a kan koren ƙyallen teburin.

Al'adar gidan ce, wanda ya fita daf da kyauta a miƙe a tafa masa. Duk ɗakin ya miƙe, har saurayin. Suka yi ta tafi suna fuskantar kujerar da tun safe babu kowa a kanta, don jiya da yamma, bayan an tashi wasan ranar farko, zuciyar Malam Chao ta tsaya a tashar bas, ya rasu, doka kuwa ta ce a ci gaba da raba wa ƙwandalolinsa kati har su ƙare.