Yarinya Mai Tauraro a Riga

Ina aji huɗu a Zuru na aro littafin yara daga makaranta, labarin wata yarinya da aka tilasta wa ɗinka tauraro a riga lokacin yaƙin duniya, don kowa ya san Bayahudiya ce. Da la'asar Kawu ya fizge shi, ya nufi murhu.

"Labarin Yahudawa a gidan nan?"

Kakana, tsohon soja da bai yi boko ba, ya karɓe littafin, ya daɗe yana kallon hoton.

"Ni dai yarinya na gani, tsoro ya cika ta. Zauna ki karanta mana. Da ƙarfi."

Na karanta, Kawu na tsaye. Yau 'ya'yana nake karanta wa irin wannan littafin, kuma ban taɓa rage murya don kowa ba.