Farantin da Ya Cika da Baƙi

Tun da na dawo gari kawuna yake zuba mini ido, yau ina wannan sana'a, gobe na watsar na kama wata. Rannan bayan la'asar ya ce, "Zauna, ɗan nan, in ba ka wani misali."

Ya ce an yi wani maƙeri da gyambon ciki ya ci ƙarfinsa, yana aman jini, har ɗaga guduma ya gagare shi. An ba shi magani iri-iri, ciwo ya ƙi ji. Sai likita ya zura masa bututu ta maƙogwaro, ya tsinko ɗan nama daga tumbinsa wanda bai kai ƙwayar gero ba, ya aika ɗakin gwaji a shuka shi, in ƙwayar cutar ta tsiro a ga maganin da zai kashe ta. To ita wannan ƙwaya 'yar gata ce, ga nawar tsirowa. Ba ta tsirowa sai a farantin da aka dama abincinsa da jini, aka rufe aka rage masa iska, aka kuma zuba wani magani mai korar sauran ƙwayoyin da bututu ya kwaso a baki. Ko an yi duk wannan, sai faranti ya yi kwana da kwanaki fayau, kamar ba a shuka komai ba. Shi kuwa mai gwajin sabon zuwa ne, ya gaji da tsiyar abokan aiki masu cewa kowa na noma, shi yana gadin faranti. Ya dubi maganin nan mai korar ƙwayoyi ya ce ai shi ke hana shuka fitowa. Ya dama abinci mai maiƙo, ya bar maganin a kan kanta, ya shafa naman.

Kashegari faranti ya cika maƙil, fari da rawaya har gefe. Mai gwajin ya zagaya da shi yana nuna wa mutane. A kan abin da ya tsiro ya gwada magunguna, likita ya bi sakamakon ya rubuta wa maƙeri. Ashe duk baƙi ne 'yan cin arziki, wadda ake nema kuwa sun danne ta tun ba ta motsa ba. Maƙeri ya shanye magani, ya sayar da uwar maƙera ya ƙaro wani, aman jini bai tsaya ba. Da aka gane kuskuren aka ce a sake zura bututu, likita ya dubi yadda mutumin ya rame, ya girgiza kai ya ce jikin nan ba zai ɗauka ba. 'Ya'yansa suka shimfiɗa tabarma a bayan a-kori-kura suka mayar da shi gida, bai sake taka ƙofar waje ba.

Kawu ya kakkaɓe rigarsa ya miƙe, ya ce, "Shi ya sa Hausawa ke cewa, ba girin-girin ba, ta yi mai."