Shekara Ashirin a Kan Babur

"Saki kulocin a hankali! A hankali na ce, baiwar Allah!"

Sati uku ke nan mijinta yana bin ta da gudu a filin bayan gida yana ihu, ita kuma tana fama da babur ɗin ƙaninta. Ta faɗi sau shida, faɗa kuwa ta sha ya fi cikin kwando.

"Ni shekarata ashirin a kan babur," yakan ce, "ban taɓa faɗuwa ba."

Da hannunta ya faɗa, suka tafi shago zaɓen nata. Ta nuna wani ja mara nauyi. Mijin ya shuri tayar, ya taɓe baki.

"Maigida, tunda kai ne gwani, ɗana mana shi," in ji mai shago, ya miƙa masa makulli.

Ta ga gumi ya keto masa. Ya ɗaga ƙafa ya hau, ya zauna daram a kujerar baya, ya riƙe ƙarfen ɗaure kaya yana jiran a ja.



Ta zare makullin daga hannunsa, ta hau gaba.

"Ashe nan ka yi shekara ashirin ɗin? Riƙe ni da kyau, Malam, kar ka ɓata tarihinka."